Tulu a Kanta, Alƙalami a Hannun Wani

A ƙarshen watan Agusta na shekarar 2024 ruwa ya sauka a birnin Maraɗi kamar da bakin ƙwarya, milimita 150 cikin sa'a ɗaya da rabi, watau fiye da rubu'in abin da garin ya saba samu a damina ɗungum. Gidaje suka faɗi, mutane suka mutu. Bayan ƴan kwanaki tsohon masallacin Damagaram, wanda aka gina tun ƙarni na 19, ya rushe. Kafin damina ta ɗauke mutum fiye da 300 sun rasu a Nijar, fiye da miliyan ɗaya kuma sun yi hasarar gida ko gona ko dabba. Gwamnati ta ɗage komawa makaranta har ƙarshen Oktoba, gama ajujuwa da yawa sun zama masaukin waɗanda ruwa ya kora.

Shekara 40 kafin wannan, a 1984, wannan ƙasa ɗaya ce ta yi kukan rashin ruwa, aka yi yunwar da mutanen Maraɗi suke kira El Buhari. Kafin ita akwai ta 1973 da 1974, bayanta kuma akwai ta 2005. Duk wanda ya kai shekara 50 a duniya ya ga fari ya kuma ga ambaliya a gona ɗaya. Ba sai an kawo masa bature ya gaya masa cewa damina ta sauya hali ba.

Masana sun bayyana dalili. Hayaƙin fetur da gas da kwal da ake ƙonawa yana ƙara iskar kabon a sararin sama, ita kuwa wannan iska tana riƙe zafin rana kamar yadda bargo yake riƙe zafin jiki. Kafin zamanin injuna akwai kashi 280 na iskar nan cikin kowane miliyan, yanzu ta wuce 420. Iska mai zafi tana ɗaukar tururi fiye da mai sanyi, wajen kashi 7 cikin 100 ga kowane digiri ɗaya da aka ƙara. Saboda haka ƙasa takan bushe da sauri, in kuma hadari ya tashi yakan juye ruwan wata guda cikin dare ɗaya. Afirka duka ba ta fitar da ko kashi 4 cikin 100 na wannan hayaƙi, amma ita ce take kwana a ɗakin da yake yoyo.

To, a cikin ɗakin nan wa ruwan ya fi jiƙawa? Sa'ad da rijiya ta ja baya, mace ce take ƙara igiya. Sa'ad da dawa ta ƙare, ita ce take ƙara tafiyar neman icce. In hatsi bai yi ba, maigida ya ɗauki jakarsa ya tafi cin rani Kano ko Legas ko Libiya, ita ce take zama da rumbu da yara, tana auna tiya tana lissafin kwanakin da suka rage kafin sabon gero. Ita ta san jiga da tafasa, ta san kwana nawa za a jiƙa anza ana sake ruwa kafin ɗacinta ya fita. In gonar gandu ta yi wa gida kaɗan, gamanarta ake fara karɓewa. Babu wani a ƙauye da ya kai ta sanin yadda ƙasa ta sauya, domin a wuyanta da tafin ƙafarta take aunawa kowace safiya.

Amma ranar da za a zauna a kan wannan magana, a zaɓi irin da za a raba, a sa hannu a kan inda za a haƙa rijiyar burtsatse, a rubuta takardar da za a kai wa masu ba da kuɗi, ba ita ce take riƙe da alƙalami ba. Akan kira ta ta kawo ruwan sha, ko kuwa a tara ta da ƴan'uwanta a ba su zane iri ɗaya da butar ban ruwa, a ɗauki hoto, a watse. Wannan wauta ce. Jama'ar da take cikin irin wannan hatsari, ta kuma ajiye rabin hankalinta a bakin turmi, ita ce ta yanke hannunta ɗaya tana kukan jinka ta yi nauyi.

Wuraren da ake wannan ilimi ba su da nisa. A Yamai akwai cibiyar Agrhymet tun 1974, inda ake koyar da awon ruwan sama da na koguna, inda kuma masana suke fitar da hasashen damina kowace shekara kafin a yi shuka. Akwai hukumar binciken noma ta ƙasa, INRAN, da tasharta a Tarna kusa da Maraɗi. Akwai tashar ICRISAT a Sadore, wadda aikinta ya kawo geron Chakti a 2018, gero mai saurin nuna mai ƙara jini. Akwai Jami'ar Abdu Mumuni, mai sunan wani ɗan Nijar da ya ba da ransa ga binciken hasken rana, akwai kuma jami'o'in Maraɗi da Damagaram da Tawa. Ƙofar shiga duka waɗannan ɗaya ce, watau bak na sashen C ko na D, na lissafi da na kimiyyar halitta. Yarinya ba za ta kai wannan ƙofa ba sai ta yi shekara 13 a kan benci. Binciken lafiyar iyali na 2012 kuwa ya nuna cewa cikin matan Nijar 100, an aurar da 76 kafin su kai shekara 18. A watan Disamba na 2017 gwamnati ta fitar da dokar kare karatun ƴan mata, amma doka ba ta shiga zaure sai maigida ya yi mata iso.

Kada wani ya zaci cutar ta baƙar fata ce kaɗai. A 1856 wata mata a Amurka, Eunice Foote, ta cika kwalabe da iska iri iri, ta sa ma'aunin zafi a cikinsu, ta ajiye su a rana. Ta ga kwalbar da take da iskar kabon ta fi sauran zafi, ta kuma fi su daɗewa kafin ta huce, sai ta rubuta cewa in wannan iska ta yi yawa a sama duniya za ta yi zafi. A taron masana wani namiji ne ya karanta takardarta. Bayan shekara 3 wani masani a Ingila, John Tyndall, ya yi nasa gwaji, sunansa ya shiga littattafai, nata kuwa ya ɓace har shekara 150. Majalisar masana yanayi ta duniya, IPCC, wadda aka kafa a 1988, ba ta taɓa samun shugaba mace ba. A zaɓen 2023 mata biyu suka tsaya, ɗaya daga Afirka ta Kudu ɗaya daga Brazil, aka zaɓi namiji. Amma a wannan zaɓe ɗin Aïda Diongue-Niang ta Senegal da Nana Ama Browne Klutse ta Gana suka zama mataimakan shugaba a rukunin da yake binciken sauyin yanayi kansa. Matan Afirka ta Yamma ne, sun sha ruwan rijiya irin wanda ake sha a nan.

Masu hana ƴaƴansu mata wannan hanya ba mugaye ba ne, suna da hujjojinsu, ya kamata kuwa a amsa su ɗaya ɗaya.

Na farko sukan ce ruwa na Allah ne, me karatun mace zai ƙara ko ya rage? Gaskiya ne ruwa na Allah ne. Lafiya ma tasa ce, amma wanda ya faɗi wannan magana da safe, in ɗansa ya kama zazzaɓi da yamma, a mota zai sa shi zuwa Galmi, ba ya kuwa tambaya ko likitan da zai duba shi namiji ne ko mace. Kowa ya san labarin Yusufu a Masar, wanda aka sanar da shi shekarun ƙoshi da na yunwa, ya gina rumbuna ya auna hatsi. Ba wanda ya taɓa kiran wannan rashin bangaskiya. Sanin cewa damina za ta makara bana, a shuka iri mai sauri, shi ne rumbun wannan zamani.

Na biyu sukan ce lissafi ya fi ƙarfin kan mace. Mai faɗin haka ya je kasuwa ranar da take ci, ya gwada cutar mai sayar da ƙuli-ƙuli da dala ɗaya. Uwar adashe tana riƙe da zubin mata 30 a kanta, ta san wadda ta ɗauka da wadda take bin bashi, ba ta da littafi. Abin da yake kayar da yarinya a aji sananne ne. Ita da wanta suna tashi daga lakwal tare, shi ya ɗauki ƙwallo ko littafi, ita ta ɗauki tulu, daga tulu sai taɓarya, daga taɓarya sai goyo. Da dare fitila ɗaya ce a gidan, tana hannun namijin. In sakamako ya fito sai uban ya girgiza kai ya ce dama ya faɗa. Wanda ya ɗaure wa doki ƙafa ba shi da bakin cewa dokin ba ya gudu. Fadji Maina a Damagaram aka haife ta, garin da kowa ya san wahalar ruwansa. Wannan wahala ce ta sa ta karanta ilimin ruwa, ta yi digirin dakta a Faransa, a 2020 kuma ta shiga aiki a hukumar sararin samaniya ta Amurka, NASA, inda ake auna ruwan duniya da tauraron ɗan adam. Kanta irin na ƴan matan da suke layi a bakin famfo ne a Birni da Zango. Bambancin kawai shi ne ba a cire ta daga aji ba.

Na uku sukan ce karatun mace a gidan wani zai ƙare, asara ce ga uba. Wannan lissafi na mai gajeren tunani ne. Matar da ɗansa zai aura, wadda za ta yi renon jikokinsa, ita ma ƴar wani ce da ya yi irin wannan lissafi. Kowa yana tsoron kada ya shuka wani ya girba, sai gari duka ya kwana da yunwa. Bugu da ƙari, hadari ba ya tsayawa a kan gida ɗaya. In ƴar wani ta gano irin waken da yake jure fari, ba surukanta kaɗai za su ci ba.

Na huɗu sukan ce birni zai lalata ta, za ta dawo da ciki maimakon takarda. Wannan ita ce hujja mai nauyi, wanda ya raina ta bai haifi ƴa ba. Ƙauyuka da yawa ba su da kwaleji. Yarinya mai shekara 12 sai a kai ta gidan wani dangi na nesa, ta zama baiwar matar gidan, ta kwana da yunwa, wani mai babur ya fara saya mata abinci. Uban da ya ga haka ta faru ga ƴar maƙwabcinsa ba za a zarge shi da jin tsoro ba. Amma in kura tana kan hanyar rijiya ba a daina shan ruwa, hanyar ake tsarewa. Maganin wannan tsoro gida ne mai katanga kusa da kwaleji, da dattijuwa mai amana da za ta kwana da yaran, da buhun hatsi. Jama'ar da take iya yin aikin gayya ta gina ɗakin sujada tana iya gina wannan.

Na biyar sukan ce mace mai ilimi ba ta ladabi, ba za ta sami miji ba. Ladabi a gida ake koyonsa, akwai kuwa marasa ladabi da yawa da ba su taɓa riƙe alli ba, maza da mata. Abin da ake kira rashin ladabi sau da yawa shi ne mace ta ce wa taron maza lissafinsu bai yi daidai ba. In gaskiya ne bai yi daidai ba, sai a gode mata.

Makarantun mishan ma suna da nasu laifi, ranar wanka kuwa ba a ɓoyon cibi. Su ne suka fara sa ƴan mata a aji a wurare da dama, Kwalejin Mariama ta Yamai domin ƴan mata aka kafa ta, wannan abin godiya ne. Amma a yawancin wurare an auna wa yarinya iyakar da za ta kai: ɗinki, saƙa, renon yara, in ta yi ƙoƙari ƙwarai ta zama ungozoma ko malamar ƙananan aji. Ayyuka ne masu daraja, ba mai musu. Sai dai an saba da su har iyaye suka ɗauka nan ne rufin ɗaki. Yarinya ta zo ta ɗaya a lissafi, a ce mata madalla, za ta yi jinya. Ɗan'uwanta ya zo na goma, a ce zai zama injiniya.

Labarin Wangari Maathai ta Kenya ya isa ya kunyata wannan hali. A ƙauye aka haife ta a 1940, tana aikin gona tare da uwarta, sai wanta ya tambaya me ya sa ita ba ta zuwa makaranta kamar su. Aka sa ta. Ta yi karatu a hannun sistoci, ta wuce Amurka, a 1971 ta zama mace ta farko a gabashi da tsakiyar Afirka da ta sami digirin dakta. Matan karkara suka kawo kukan cewa rafuka suna ƙafewa, icce ya yi nisa, abincin yara ya ragu. Da yake ta san kimiyya, ta kuma san tulu, ta gane cewa kukan nan uku tushensu ɗaya ne, watau saran daji. A 1977 ta kafa ƙungiyar dashen itatuwa wadda ta dasa fiye da miliyan 50. An doke ta, an tsare ta, an kira ta mahaukaciya. A 2004 aka ba ta kyautar Nobel ta zaman lafiya, mace ta farko daga Afirka, ta rasu a 2011. Matan da suka kawo kukan sun daɗe suna yinsa. Abin da ya sauya shi ne an sami mai ilimi mai iko wadda ta ji shi da kunnen mace.

Wannan shi ne dalilin da ya sa bai isa a ce an sa mata cikin aiki ba, sai sun shugabance shi. Shugaba ne yake zaɓen tambayar da za a bincika. In maza kaɗai suke gwajin sabon gero, damma nawa ya bayar za su ƙirga. Mace za ta tambaya ko yana da wuyar sussuka, ko furarsa tana kwana, ko ƙwari suna cinsa a rumbu. Gujiya da yakuwa da kuɓewa da riɗi, amfanin gamana, waɗanda suke rufa wa gida asiri in hatsi ya ƙare, ba za su sami mai kula da su ba sai wadda ta san darajarsu ta hau kujera. Har wa yau malamin gona namiji iyakarsa zaure, ba ya shiga gidan kulle. Labarin hasashen damina yakan tsaya a wayar maigida da rediyonsa. Malamar gona kuwa da sallama ɗaya ta isa tsakar gida. Kujerar nan ba kyauta ake ba da ita ba. Ran 13 ga Mayu 1991 matan Nijar suka yi jerin gwano a Yamai domin an sa mace ɗaya tak cikin kwamitin shirya Taron Ƙasa, sai da aka ƙara musu wurare. Ana tunawa da ranar kowace shekara da sabon zane da kiɗa. Da an tuna da ita da biyan kuɗin makarantar yarinya ɗaya a kowace unguwa, da ya fi kama da abin da matan nan suka fita nema.

Manoman Maraɗi sun riga sun koyi wannan darasi a gonakinsu. Shekaru da yawa ana kawo dashen itatuwa daga waje suna mutuwa. A 1983 wani ma'aikacin mishan ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa ƴan tsiron da ake sassabewa kowace bazara ba ciyawa ba ne, kututturan itatuwa ne masu rai da saiwoyinsu a ƙasa, kalgo da sabara da gawo. Ba a bukatar a kawo kome daga waje, sai dai a zaɓi reshe mai ƙarfi a bar shi, a tsare shi daga gatari da awaki. Da fari an yi wa masu yin haka dariya, aka ce gonarsu ƙazama ce. Wannan sassabin zamani ya mayar da itatuwa wajen miliyan 200 a kan hekta miliyan 5, mata kuma suka sami icce kusa da gida. Masanan da ƙasa take nema suna nan haka, a aji shida na firamare, da saiwarsu da ransu, ana sassabe su kowace shekara da kayan lefe.

Abin yi ba shi da yawa, ba ya kuwa jiran Paris ko Yamai. Uba ya raba tulu da fitila daidai tsakanin ɗansa da ƴarsa. Uwa ta daina cewa karatu ya isa ranar da mai neman aure ya yi sallama. Malami ya kira yarinya gaban allo a darasin lissafi, ya kuma ba ta aikin karanta ma'aunin ruwan sama na makaranta tana rubutawa. Zumuntar mata, wadda take tara kuɗin zanen taro kowace shekara ba fashi, ta ware rabi ta riƙe yarinya ɗaya daga kwaleji har jami'a. Dattawa su nemi fili kusa da kwaleji su aza tubalin gidan kwanan ƴan mata, su kuma ƙi sa albarka ga auren da zai fitar da ƴar shekara 14 daga aji. Masu proje kuwa, in sun zo da butocinsu da na'urar hotonsu, a tambaye su mata nawa ne cikin masu sa hannu a ofishinsu.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Yarinyar da ta shiga kwaleji bana tana bukatar shekara 7 kafin bak, da wasu 5 ko fiye kafin ta zama masaniya. Zafi kuwa ba zai tsaya jiranta ba, gama 2024 ta fi dukan shekarun da aka taɓa aunawa zafi a duniya. Duk uban da ya cire ƴarsa daga aji a wannan shekara, ya sani ba ita kaɗai ya yi wa hasara ba, ya rage wa garinsu mutum ɗaya cikin waɗanda za su san abin yi ranar da ruwa ya sāke zuwa irin na 2024, ko ya ƙi zuwa irin na 1984.